Kwai ɗaya a tsakiyar silin ya ishi kowane ɗaki?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar wuta, ko waɗanda suka taɓa gini suka ga inda suka yi kuskure.

Gininmu ya kai wayarin. An gama rufi, ana kan fasa bango ana binne fayif, mai filasta kuma ya ce nan da mako biyu zai shigo. Jiya na bi maigida duba aiki, sai na tarar mai wayarin ya fitar da waya guri ɗaya tak a tsakiyar kowane ɗaki, da makunni ɗaya a bakin ƙofa. Falo ne kaɗai ya samu biyu. Na ce masa shi ke nan? Ya ce ai haka ake yi, in ya so sai a sayo kwai mai ƙarfi.

Abin da ya hana hankalina kwanciya, gidan da muke haya yanzu haka aka yi masa, shekara 6 ke nan ina fama. A kicin in na tsaya gaban kanta kwan yana bayana, inuwar kaina ce ke sauka daidai kan abin da nake yankawa. Sau biyu wuƙa na cin yatsana. A ɗakin kwana kwan yana saitin idona in na kwanta, kuma kullum sai mun ja da maigida kan wanda zai tashi ya kashe. Falo kuwa fari fat kamar ɗakin asibiti, ko rigar da ta fi kowace kyau ka sa sai ka fito kamar mai jinya.

Ga yadda gidan yake. Falo mita 5 ne da mita 4, za a sa fanka a tsakiya. Kicin mita 3 da 3 da rabi, da kabad na sama. Ɗakunan kwana 3: namu da na yara a sama, na surukata a ƙasa. Ta haura shekara 70, idonta ya yi rauni, kuma tana tashi banɗaki cikin dare. Bene matakala 16. Yarana biyu suna aikin makaranta da dare.

To kwai nawa ake sawa, kuma a ina? Wat nawa? Sannan fari ko mai ja-ja ɗin nan? Maigida ya ce fari ya fi haske, mai ja-ja kuma na zamanin da ne. Ni ban san abin da zan ce masa ba, abin da na sani kawai farin yana sa min ciwon kai.

Baba Mai Wayarin ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi tambaya a lokacin da ya dace. Shekarata 34 a wannan sana'a, kuma yawancin masu kirana kan maganar haske sai bayan an yi fenti an rataye labule suke kira, lokacin da ƙara waya ɗaya ma sai an fasa bango. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki roƙi mai filasta ya ƙara miki kwana biyu ko uku.

Kada ki ga laifin mai wayarinku sosai. Ba wanda ya gaya masa inda gado zai zauna, ko inda za a ajiye kushin, to tsakiya ce kaɗai inda ba zai sha zargi ba. Ki sayi alli, ki kama hannun maigida ku je. A kowane ɗaki ku zana gado a ƙasa, ku zana wardrob, teburin yara, kanta, sinki, talabijin, madubi. Sai ki tsaya a duk inda za a riƙa yin wani aiki, ki tambayi kanki: in ina nan, ta ina haske zai zo? In amsar ta bayanki ce, wurin yana bukatar tasa fitilar. Ni ban san wata dabara da ta wuce wannan ba.

Maganar wat, ki ajiye ta gefe. Wat wutar da kwai ke sha ne, ba hasken da yake bayarwa ba. A jikin kwali ki nemi lumen, shi ne ma'aunin yawan hasken da kwai ke bayarwa. Tsohon kwan nan mai zare na wat 60 yana ba da kusan lumen 800, yau kwan LED mai wat 8 ko 9 yana ba da wannan. Mai wat 100 na da kuwa wajen lumen 1,500 ne. Akwai kuma luks, wato lumen nawa ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya. Zaman falo luks 100 zuwa 150 ya wadatar, karatu da rubutu kuma ƙa'idar Turai ta wuraren aiki luks 500 ta sa a kan tebur.

Falonki murabba'in mita 20 ne. In kika ninka da 150 kin samu 3,000. Amma ba duk abin da kwai ya fitar ke isa ƙasa ba, murfin fitila na ci, bango na ci, labule mai duhu ya fi kowa ci. Don haka ki yi lissafin lumen 4,000 zuwa 5,000. Ga inda mutane ke faɗuwa: sai su sayo kwai ɗaya mai wannan ƙarfin su maƙala a tsakiya. Shi ne ɗakin asibitin da kike faɗa. Ki raba shi gida biyar ko shida. Huɗu a silin, biyu a bango masu jefa haske sama, sannan soket kusa da kusurwar kushin don fitilar tsaye. Kuma kada a ɗaura su duka a makunni ɗaya. Na silin daban, na bango daban. Ranar da gida ya cika ko ake shara a kunna duka, daren da ku kaɗai ne kuna kallo a bar na bango.

Fanka kuma ki kula da ita. Duk fitilar da ke sama da fukafukanta, in fanka na juyawa za ta riƙa yanka hasken, ɗakin ya riƙa ƙyaf-ƙyaf. Mutum ba ya gane abin da ke damunsa, sai dai ya ji kansa na sarawa. Ni nakan bar aƙalla rabin mita tsakanin bakin fiffike da fitilar silin. Bangon da ke fuskantar talabijin ma kada a sa fitila a kansa, za ku riƙa ganinta a cikin gilashin.

Kicin, matsalarki ta yatsa maganinta mai sauƙi ne. A fitar da waya a ƙarƙashin kabad na sama, a manna doguwar fitilar LED, a matso da ita ta bakin kabad ba can jikin bango ba. Hasken zai sauka gabanki, kanki ba ya tsakani. Inda babu kabad, kamar kan sinki, fitilar silin ta zo saitin bakin kanta, wato wajen santimita 60 daga bango. Ta tsakiya ki bar ta, tana da amfani wurin duba cikin kabad da wankin ƙasa.

Ɗakin kwana a yi miki tuwe, makunni biyu masu kunna fitila ɗaya, guda a ƙofa guda a gefen gado inda hannu zai kai mutum na kwance. Rigimarku da maigida ta ƙare ke nan. Kowane gefen gado ya samu tasa ƙaramar fitila da nata makunnin, mai karatu ya yi karatunsa mai barci ya yi barcinsa. Ta silin kuma a matsar da ita wajen ƙafar gado, gaban wardrob, tun da can ake neman kaya.

Bene ma tuwe ne, sama da ƙasa, wannan ba a ciniki a kansa. Fitila ɗaya a can ƙoli ba ta isa matakala 16 ba, domin mai saukowa inuwarsa ce ke rufe inda zai taka. A sa ɗaya a inda benen ya karya kwana, ko ƙanana a jikin bango kusa da matakala.

Banɗaki ki duba lambar IP a jikin fitila, ita ke nuna yadda take jure ruwa da ƙura. IP44 tana jure feshin ruwa, IP65 tana jure ruwan da aka harbo da tiyo kuma ƙura ba ta shigarta. Saman shawa ni 65 nake sawa. Kwai tsirara a inda tururi ke taruwa ban yarda da shi ba ko a gidan maƙiyina.

Uwar Ɗinki ta rubuta:

Baba ya gama magana kan inda za a sa. Ni kalar hasken zan taɓa, 'yar'uwa, domin a nan na sha wuya.

A gida nake ɗinki, kuma yawancin aikina da dare ne bayan yara sun kwanta. Akwai daren da na zauna na yi wa wata riga ado da zaren da na rantse kalarsa ɗaya da yadin. Gari na wayewa na fito da ita tsakar gida, ashe yadin shuɗi ne mai duhu, zaren kuma baƙi. Kwana biyu ina farke aikin da na yi a dare ɗaya. Na ɗauka idona ne ya fara tafiya har na je aka gwada, aka ce lafiyarsa lau. Ashe kwan ne.

Abu biyu ne a jikin kwali, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Na farko lamba mai K a ƙarshe, kelbin. Ita ke faɗin ko hasken ja-ja ne ko fari. 2700 shi ne irin na tsohon kwai, 3000 ya ɗan fi shi fari, 4000 fari ne mai taushi, 6500 shi ne fari fat mai shuɗi-shuɗi wanda na tabbata shi ne a falonki. Abin ma a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai ɗumi. Na biyu ana rubuta shi CRI ko Ra, ma'auni ne da ya tsaya a 100, yana nuna ko kwan zai fito da kalar abu yadda take a rana. Yawancin na kasuwa 80 ne. Wanda ya kai 90 ko ya haura, shi ne wanda ja ke fitowa ja, fatar mutum ta fito da ranta. Wanda ya ɓata min riga ko lambar ba a rubuta a kwalinsa ba, tun daga nan duk kwalin da ya ɓoye ta ba na ɗauka.

Yadda na yi nawa: falo da ɗakin kwana 2700, kicin da banɗaki 4000, kan keken ɗinki 4000 mai CRI 90. Abin da zan ja kunnenki a kai, kada ki gauraya kala biyu a ɗaki ɗaya. Na taɓa sa fari a silin da ja-ja a bango, bangon ya koma kamar wanda hayaƙi ya daɗe yana bugu.

Madubi kuma, don Allah kada ki bari a sa fitila a samansa kawai. Haske in ya sauko daga sama yana zuba inuwa a ƙarƙashin ido da hanci da haɓa, mace ta yi ta ƙara hoda a inda babu komai. Biyu ake sawa, dama da hagu, daidai tsayin fuska. Maigidana da ya yi ta mita kan kuɗin fitilun, yanzu shi ya fi daɗewa a gaban madubin yana gyaran gemu.

Kafin ki sayi na gida duka, sayi ɗaya-ɗaya na 2700 da 4000, ki gwada a gidan hayar mako guda. Gani ya kori ji.

Ɗan Auta ya rubuta:

Anti, ni dai ina bayan maigida. Wannan ja-jan barci yake sa ni, in na shiga ɗakin da aka sa shi sai in ga kamar wuta ce ba ta kawo da ƙarfi ba. Kuma duk wannan fashe-fashen bangon da Baba ke lissafawa na mene ne? Akwai kwan da ake sarrafawa da waya, ka mai da shi fari da rana, ja-ja da dare, ka rage ka ƙara kana kwance. Guda ɗaya a tsakiya ya gama komai. Allah ya huci zuciyar Baba.

Baba Mai Wayarin ya rubuta:

Ɗana, zuciyata fari ƙal. Kwan da kake faɗa na sa shi a gidaje da yawa, yana aiki. Amma ka ba ni amsa: in ka canza masa kala sau goma, ya tashi daga tsakiyar silin ya koma gaban antinka a kicin? Inuwar tana nan inda take. Sannan duk ranar da wani ya kashe makunnin bango, wayarka ba ta da abin da za ta yi masa. Tsohuwa mai shekara 70 kuma ba za ta lalubi waya ƙarfe 3 na dare ba.

Tun da ka tayar da maganar ragewa, 'yata, in kina son dima a falo, wato makunnin da ke rage haske ko ƙara shi, ki tabbata kwan an rubuta a kwalinsa cewa yana karɓar dima, ita ma dimar ta LED ce. In ba haka ba zai riƙa rawa yana ƙara kamar sauro.

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Malama, in ƙara kaɗan a kan gardamar fari da ja-ja, ko za ki samu abin faɗa wa maigida. Kwai biyu in duka lumen 800 ne, haskensu ɗaya ne, ko da ɗaya 2700 ne ɗaya 6500. Ido ne ke ɗaukar farin kamar ya fi kaifi. Ɗan Auta kuma da ya ce ja-ja na sa shi barci, bai yi ƙarya ba, sai dai hujjar taki ce ba tasa ba. Farin LED a asalinsa shuɗi ne, aka shafa masa wani sinadari mai mai da wani ɓangaren shuɗin rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari. Shuɗin LED ɗin nan shi ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Duk yadda lambar kelbin ta hau, shuɗin da ke cikin hasken ya fi yawa, shuɗin haske da dare kuwa yana danne melatonin, sinadarin da jiki ke saki in lokacin barci ya yi. Shi ya sa 6500 a ɗakin kwana bai dace ba. A gareji ko wurin wanki ba laifi.

Amma ɗakin Mama, surukarki, ne ya sa na yi rubutu, don na ga ba a tsaya a kansa ba. Ido in ya tsufa, ƙwayar tana tsukewa, madubin cikin ido kuma yana yin rawaya ya dushe. Hasken da ke isa can cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na mai shekara 20 ba. Saboda haka ɗakin da ya yi miki daidai, ita duhu ne a wurinta. Sai dai kuma ga tarko: tsohon ido ya fi saurin kashewa in ya kalli kwai tsirara, kuma ya fi daɗewa kafin ya saba in an fito daga haske zuwa duhu. Ma'ana, ki ninka mata lumen, amma kowace fitila ta kasance da murfi mai dishi-dishi, ko ta jefa haskenta a silin ya dawo. Bangonta ki yi masa fenti mai haske, farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa.

Na dare kuma daban ne. Kada ta tashi daga barci ta kunna babbar fitila, idonta zai rufe na ɗan lokaci, a nan ake faɗuwa. A sa mata ƙananan fitilu ja-ja a ƙasan bango, kamar santimita 30 daga daɓe, daga gefen gado har ƙofar banɗaki, irin masu kunna kansu in sun ji motsi. Mahaifina haka muka yi masa bayan ya taɓa yin karo da ƙofa a buɗe.

Teburin yara, fitilar tebur ta fi ƙara ƙarfin ta silin. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato: ka ninka nisa sau biyu, abin da ke sauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙaramar fitila mai lumen 450 a rabin mita daga littafi ta fi ƙaton kwai da ke can sama. Mai rubutu da dama a ajiye masa ita ta hagu, bahago ta dama, don kada hannu ya yi inuwa a kan layin da ake rubutawa. Abin da za ki nema wurin mai wayarin a nan soket ne kawai, a saman tebur ba a ƙarƙashi ba.

Abu na ƙarshe, in kin ga an rubuta awa 15,000 ko 25,000 a kwali, da sharaɗin kwan yana shan iska ne. Zafi ne ke kashe LED, musamman 'yan kayan lantarkin da ke gindinsa. In aka kulle shi cikin murfin da ba ya numfashi ba zai yi wannan kwanan ba.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun je da allin ranar Asabar. Wallahi muna zana gado sai ga shi makunnin da aka yi alamarsa a ɗakinmu bayan wardrob zai faɗa, da an yi filasta da sai mun riƙa zura hannu ta lungu. Mai wayarin da farko ya ɗaure fuska, da na nuna masa inda inuwata ke sauka a kicin sai ya yi dariya ya ce matarsa ma kullum ƙorafinta ke nan. Daga wuri 9 a gidan duka mun koma 27. Maigida ya riƙe kai, amma da aka lissafa masa kuɗin fasa bango da sake fenti daga baya ya yi shiru.

Anti mai ɗinki, na sayi kwan gwajin. Na sa 2700 a ɗakin kwana ban gaya wa maigida ba. Dare na farko ya ce wutar ba ta da ƙarfi, dare na huɗu da na mayar da farin don in gani shi ya ce in cire. A falo dai ya kafe, mun tsaya a 3000.

Malam, Mama ta ƙi fitila mai kunna kanta, ta ce ba ta son abin da zai haska ba ita ta taɓa shi ba. Za mu sa masu makunni a gefen gadonta, in ta saba sai a sake magana.

Saura wuri ɗaya, Baba. Teburin cin abinci a ƙarshen falo zai zauna, ina son fitila mai ratayowa a kansa, amma ban tabbatar da girman teburin ba tukuna, kuma mai filasta jibi zai shigo.

Baba Mai Wayarin ya rubuta:

A fitar da wayar a inda kike zaton tsakiyar tebur, a bar ta da tsayi, da nata makunnin. In tebur ya zo ya kauce kaɗan, ƙugiya ɗaya a silin za ta jawo fitilar inda ake so. Tsakanin saman tebur da gindin fitila ki bar santimita 75 zuwa 90. In ta fi haka sauka za ta tare fuskar wanda ke zaune gabanki, in ta fi haka hawa kwan zai shiga idon yara, tun da su daga ƙasa suke kallo. Ki ce wa mai wayarin ya ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe fayif, ya turo miki, don ranar da za a buga ƙusar labule.